Tambaya: Ta ina ma'aikatan jami'a za su fara rage ɓarnar wuta, ruwa da takarda?

Jami'in_Tsangaya:

Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman shawarar waɗanda suka san aikin. An kafa kwamitin mutum biyar a tsangayarmu, an ce mu kawo hanyoyin rage kuɗin wuta da na ruwa, mu kuma gyara muhalli. Ba a ware mana ko sisi ba. Ginin hawa biyu ne, ofisoshi kusan 40, azuzuwa shida, ɗakunan gwaji biyu, da ƙaramin masallaci a gefe. Wutar kamfani muke amfani da ita, in ta ɗauke a tada janareton dizal. Wasu a kwamitin sun ce mu rubuta a saya mana sola, wasu sun ce mu shirya ranar dashen itatuwa mu gayyato shugaban jami'a. Ma'aikacin da ba shi da ta cewa a kasafin kuɗi, me zai iya yi da gaske? Me ya kamata ya zo farko?

Injiniya_Lantarki:

Wa alaikumus salam. Malam, ku jingine maganar sola tukuna. Duk wanda zai haɗa muku ita, abin da zai fara tambaya shi ne yunit nawa kuke ci a rana, kuma da wuya a sami mai amsa a kwamitinku. Takardar kuɗin wuta ofishin ma'aji take zuwa a dunƙule, ta jami'a baki ɗaya, shi ya sa sashe ba ya jin zafin abin da yake ƙonawa. Tun watan Afrilun 2024 da hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kai farashin rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun awoyin wuta, naira 225 kowane yunit, kafin daga baya ya koma wajen naira 209, wuta ta zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke cinye kuɗin gudanarwa a jami'o'in da ke wannan rukuni. To aikinku na farko ƙidaya ce, kuma takarda da biro kawai take buƙata.

Ku bi ɗaki ɗaki. Kowace na'ura akwai lamba a jikinta da ke nuna wat nawa take ja. Ku rubuta wat ɗin, ku ninka da awoyin da take aiki a rana, ku raba da 1,000, abin da ya fito shi ne yunit. Fankar sama tana jan wat 60 zuwa 75. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, wadda ita ce ta fi yawa a ofisoshi, tana jan wajen wat 1,100 zuwa 1,200. Ke nan esi ɗaya ta kai fanka goma sha biyar. A ce kuna da esi 25 suna aiki awa takwas: kusan yunit 220 ke nan a rana, a farashin naira 209 ya doshi naira 46,000. Fankoki 60 a awoyin nan guda yunit 36 kacal za su ci. Da kun yi wannan lissafin za ku ga inda kuɗin yake, ku daina ɓata ƙarfi a kan cazar waya.

Babbar ɓarna kuma ba da rana take faruwa ba. Wuta ta ɗauke da ƙarfe biyu, zafi ya kori kowa, a kulle ofis a tafi ba a kashe komai ba, tunda ai babu abin da ke aiki. Da daddare wuta ta dawo. Yawancin esi na zamani suna tashi da kansu idan wuta ta dawo, sai su kwana suna sanyaya kujeru. Idan ranar Juma'a ce, har safiyar Litinin. Don ku tabbatar, ku karanta mitar ginin ranar Juma'a da ƙarfe biyar na yamma, ku sake karantawa Litinin da bakwai na safe. Idan ginin ba shi da mitarsa, ku nemi sashen ayyuka su turo ma'aikacin lantarki da mitar da ake maƙalawa a waya, ya auna a babban allon raba wuta bayan an tashi. Kada ɗan kwamiti ya buɗe allon nan da kansa.

Maganinta mai arha shi ne a ware layin esi da na fankokin ofisoshi a kan bireka ta daban a baranda, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin sauke ta idan an tashi, yawanci masinja ko mai gadin ginin. In da hali a sa agogon da ke yanke layin da kansa da ƙarfe shida. Amma a kula, firjin ɗakin gwaji da injin ƙanƙarar da ke ajiye samfuri da ɗakin manyan kwamfutoci ba sa shiga wannan layi. Kashe su dare ɗaya na iya lalata aikin binciken shekaru, kuma daga ranar babu malamin da zai sake sauraron kwamitinku.

Sai yadda ake amfani da esi ɗin. Sa ta a digiri 16 ba ya sa ɗaki ya yi saurin sanyi, abin da yake yi shi ne hana kwamfuresa hutawa. Ku tsaya a 24 ko 25, a kunna fanka a hankali, jiki zai ji sanyin da ake nema. Ragar tace ƙura da ke gaban na'urar a ciro ta a wanke da ruwa duk mako biyu a lokacin hunturu, duk wata a sauran shekara. Idan ta toshe iska ba ta ratsawa, ƙanƙara ta kama bututun, ɗaki ya ƙi sanyi, sai a kira mai gyara ya ce gas ya ƙare alhali ƙura ce. Ɓangaren da ke waje a wanke shi sau biyu a shekara, kuma kada a jera kaya a gabansa, yana son fili aƙalla rabin mita. Ofishin da gilasan tagarsa suka fashe ko ƙofarsa ba ta rufuwa, a gyara su kafin a yi maganar sabuwar esi.

Fitilu: doguwar fitila ta da mai wat 36, idan aka haɗa da abin da cok ɗinta, wato 'yar na'urar da ke daidaita mata wuta, ke ci, tana kai wat 45. Ta LED mai haske daidai da ita wat 18 ce. Guda 100 a awa goma, ragin yunit 27 ke nan a rana. Ba sai an canja duka lokaci ɗaya ba, ku sa a rubuta cewa duk wadda ta mutu da LED za a maye gurbinta. Tsoffin kuma kada a farfasa su a bola, akwai sinadarin makuri a ciki.

Game da janareto, yana shan kusan lita 0.3 na dizal a kowane yunit idan an ɗora masa kaya daidai, kuma kowace lita tana fitar da hayaƙin kabon kusan kilo 2.7. Idan kayan da ke kansa ba su kai kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa ba, man ba ya ƙonewa sarai, baƙin maiƙo ya riƙa tsiyaya daga salansa, injin ya tsufa da wuri. Tada babban janareto ranar Asabar saboda ofisoshi uku asara biyu ce. Ku roƙi mai tsara jadawalin karatu ya tattara darussan yamma da na ƙarshen mako a gini ɗaya.

Malamar_Gandun_Daji:

Injiniya ya gama da wuta. Ni dashen itatuwan zan taɓa, don a nan ake yawan asarar kuɗi da sunan alheri. Malam, idan niyyar ita ce a yi bikin a ranar 5 ga Yuni saboda ranar muhalli ta duniya, to a yawancin arewa mai nisa, su Kano, Katsina, Sakkwato da Maiduguri, damina ba ta gama zama ba a lokacin. Ruwa ya sauka sau ɗaya ya ɗauke na mako biyu, dashen ya bushe. Ku yi taronku a Yuni in kuna so, amma dashe sai Yuli zuwa farkon Agusta, lokacin da ƙasa ta jiƙe sosai.

Kuma kada ku fara da tambayar guda nawa za mu dasa. Ku fara da guda nawa za mu iya shayarwa daga Nuwamba zuwa Mayu, shekara biyu a jere. Kowane dashe yana son lita 10 zuwa 20 sau biyu a mako a rani. Guda 50 na nufin har lita 2,000 a mako, da mutumin da zai ɗauka. Hamsin da suka rayu sun fi dubu da aka ɗauki hotonsu.

Rami ya zama santimita 50 faɗi, 50 zurfi. Ƙasar sama a ware ta gefe, a gauraya da kwano biyu zuwa uku na ruɓaɓɓen taki, ita za a fara mayarwa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. A yanke ledar dashen a cire ta gaba ɗaya, domin sau da yawa ana binne shi da ledarsa, saiwar ta nannaɗe a ciki, itacen ya tsaya ba girma ba mutuwa. A bar ɗan kwari kewaye da gindin don ruwa ya zauna. Abokan gaba biyu ne, awaki da gara. Na awaki sai kariya ta waya ko bulo mai ramuka, tsayin mita ɗaya da rabi. Gara kuma busasshiyar ciyawar da aka jibga har ta taɓa jikin itacen ce ke jawo ta, a bar tazarar tafin hannu, a riƙa barbaɗa toka.

Don inuwa mai sauri darbejiya ba ta da na biyu, tana jure fari kuma ba ta zubar da ganyenta duka a bazara. Maɗaci ya fi jinkiri amma ya fi daɗewa, sai dai a sa ido kan masu sassaƙe ɓawonsa don magani, idan aka zagaye gindin da sassaƙa ya mutu. Tsamiya da mangwaro suna kyau inda ruwa ya wadata. Itacen turare yana da saurin girma amma inuwarsa kaɗan ce, shan ruwansa da yawa, ban ba da shawararsa kusa da gini ba. Ku dasa a yamma da gabas da ginin, nan ne rana ke dukan bango da tagogi, mita biyar zuwa shida daga bango, nesa da sokawe da bututun ruwa. Bangon yamma da ya sami inuwa yana rage wa esi aiki daga azahar zuwa la'asar, ka ga maganata da ta Injiniya sun haɗu.

Ruwan shayarwa kuwa kuna da shi a masallacin nan. Ruwan alwala ba shi da sabulu ko maiƙo mai yawa. A tara shi a kwata ɗaya, ya bi ta ƙaramin akwatin siminti mai murfi inda yashi zai kwanta, sannan bututu mai inci biyu ya kai shi ramin tsakuwa a tsakanin itatuwa. A kwashe yashin duk wata, in ba haka ba bututun ya toshe. Kada ruwan ya kwanta a fili ya tara sauro, kuma kada a haɗa shi da na banɗaki ko kaɗan. Ku kuma nemi liman ya tunatar, ya tabbata a hadisi cewa Annabi (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, wanda bai kai lita guda ba. Buta tana isa, famfo a sake yana zubar da ninkin haka.

Sauran ɓarnar ruwa a wuri uku take. Tankin sama da ke ambaliya saboda an kunna injin an manta, maganinsa ƙwallon da ke yanke injin idan tanki ya cika. Famfon da ke ɗiga, ɗigo ɗaya a daƙiƙa ya haura lita 10,000 a shekara, kuma galibi 'yar robar ciki ce ta cinye. Sai tankin masai da ke tsiyaya a ɓoye: ku zuba ɗan launi a ciki, ku jira minti 15 ba a ja ba, in launin ya fito a ƙasa robar ta mutu. Duk litar da ta zube, da wuta ko dizal aka jawo ta daga rijiyar burtsatse.

Injiniya_Lantarki:

Malama, na yarda da duka, sai abu ɗaya. Kafin a haƙa rami a kudancin ginin a tuna da rufin. A nan arewa farantan sola kudu suke fuskanta, a karkace digiri 10 zuwa 15, kuma inuwar reshe ɗaya a kan faranti ɗaya tana jawo ƙarfin duk jerin ƙasa. Darbejiyar da aka dasa yau, nan da shekara shida ta wuce hawa ɗaya. A bar kudu ga gajerun itatuwa.

Tunda an dawo kan sola: babbar tasha irin ta Jami'ar Bayero, mai megawat 7.1 da aka buɗe a 2019, aikin gwamnatin tarayya ne ta hannun hukumar samar da wuta a karkara, REA. Wannan ya fi ƙarfin kwamitin tsangaya. Abin da ke hannunku shi ne ƙananan da ake sa wa sassa, kuma abin da ke kashe su sananne ne. An haɗa don fitilu, fankoki da kwamfutoci, sai wani ya jona butar lantarki mai wat 2,000 ko hita, inbata ta yi ta yankewa har ta ƙone. A ja layin sola daban, soket ɗinsa a shafa musu fenti ja, a rubuta abin da aka yarda a jona. Batir mai ruwa kada a riƙa zuƙe shi ƙasa da rabi, a duba ruwansa duk wata, a ƙara tataccen ruwan da ake kira distil, ba asid ba, ba na famfo ba. Zafi ma yana cin sa, ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba tsawon rayuwarsa kusan biyu, don haka kada a kulle shi a ɗan ɗakin da ba iska. Farantan a wanke su duk mako a hunturu, da sassafe kafin gilashi ya ɗau zafi, da ruwa da tsumma mai laushi, ba garin sabulu. Duk takardar neman sola da ba ta faɗi wa zai yi waɗannan da kuma inda kuɗin canja batir zai fito ba, ba ta cika ba.

Hajiya_Rajista:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ta ɓangaren ofis zan shigo. Takarda tana da sauƙi: ku duba littafin sito ku ga rim nawa tsangaya ta karɓa a zangon da ya wuce, wannan shi ne ma'auninku. A saita firinta da injin fotokofi su buga gaba da baya kai tsaye, ba sai mutum ya zaɓa ba. Sanarwar taro da bayanan zaman da ya gabata a tura ta imel ko WhatsApp, a buga kwafi ɗaya na fayil. Kundin binciken ɗalibai shi ya fi cin takarda, a bar gyare-gyaren farko a kwamfuta, a buga na ƙarshe kawai. Amma rage yawan kwafin da ake ɗaurewa ba hurumin kwamiti ba ne, sai ya bi ta hukumar tsangaya zuwa majalisar malamai.

Gargaɗi biyu, don kada gyara ya zama laifi. Takardun jarrabawa da fayilolin ma'aikata da na ɗalibai suna da wa'adin ajiya da ƙa'idar zubarwa. Ba a sayar da su a kilo, in ba haka ba a tsinci sakamakon ɗalibi an ƙunshe ƙosai da shi a bakin ƙofa. Idan wa'adi ya cika, a sami izini a rubuce, a yayyanka su da inji, sannan a ba masu sarrafa takarda, irin masu yin kiret na ƙwai. Na biyu, matattun kwamfutoci, esi da batura kayan gwamnati ne, suna cikin rajistar kadara, kuma dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta shafi yadda ake rabuwa da su. Ku jera su da lambobinsu ku tura wa kwamitin da ke tantance kayan gwanjo. Batir kuma mai gubar dalma ne, a nemi a rubuta cewa ga wanda ke da rajistar sarrafa shi za a sayar, ba mai fasawa ya zubar da ruwan a ƙasa ba.

Shara kuwa, ku hana ƙona ta, musamman ganye haɗe da leda a gindin itace. Ganyen da ake sharewa a zuba a rami mai tsawon mita biyu, faɗi ɗaya, zurfi ɗaya, a riƙa sa taki tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa, a yayyafa ruwa, a juya duk mako uku. Wata uku ya zama takin dashen Malama. Gorunan roba da gwangwani a ware musu buhu, 'yan bola jari suna saye. Ku bar wa masu shara kuɗin, a rubuce, za ku ga rarrabewar ta ɗore. In kwamiti ya ce shi zai karɓa, mako biyu an koma haɗa komai.

Mai_Ɗakin_Gwaji:

Ƙari kaɗan. Ragowar sinadarai ba sa bin kwata, balle kwatar da za ta kai ga itatuwa. A ajiye jarkoki daban, na asid daban, na masu kama wuta daban, na masu ƙarfe mai guba daban, kowace da suna da kwanan wata, kada a cika ta fiye da kashi uku cikin huɗu. Firjin samfuri a kankare ƙanƙararsa idan ta kai kaurin rabin santimita, a gwada robar ƙofar da takarda: in ka rufe a kanta ta zare cikin sauƙi, sanyi na fita.

Jami'in_Tsangaya:

Allah ya saka da alheri, na kwafe duka. Saura ɗaya. Manyan malamai ba sa son ƙaramin ma'aikaci ya ce musu su kashe esi. Yaya za a yi wannan ba tare da rigima ba?

Hajiya_Rajista:

Malam, kada ɗan kwamiti ya ƙwanƙwasa ofishin farfesa da wannan magana. Ku kai wa shugaban tsangaya shafi ɗaya: karatun mita na Juma'a da na Litinin, da kuɗinsa a naira. Shi zai karanta a zaman hukumar tsangaya, umarnin sauke bireka da ƙarfe shida ya fito da sa hannunsa, ya shiga bayanan zama. Da haka masinja yana da takardar da zai nuna. Wanda ke aikin dare ya rubuta sunansa wajen mai gadi a bar masa layinsa. Kada a liƙa sunan kowa a allo a matsayin mai ɓarna, jimillar ginin kawai za a liƙa duk wata, ta wannan watan kusa da ta watan jiya.

Bayan wata uku, idan lambobin sun sauka, shugaban tsangaya ya rubuta wa ma'aji da daraktan ayyuka buƙata biyu: a sa wa ginin mitarsa, kuma a dawo wa tsangaya da wani kaso na rarar don sayen fitilun LED, robobin famfo da wayar kare dashe. Ku haɗa da karatun mitar na kowane mako da sunan wanda ya ɗauka.